Muhawara: Wane Tsibiri Ya Dace da Mai Son Koyon Nutso a Teku?

Sulaimana, Nima:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da muke shiryawa ni da maiɗakina. Muna so mu yi hutu a wani tsibiri mai ruwan ɗumi, babban burina kuwa shi ne in koyi nutso da tukunyar iska, in ga murjani da kifaye a can inda Allah ya ajiye su. Ban taɓa yi ba, iyon da na iya kuma bai wuce wanda ake yi a bakin ruwan Labadi ba, inda ƙafa take taɓa yashi. Hutun da zan samu a wurin aiki bai kai mako biyu ba, kuɗin ma tari ne na sidi da muka daɗe muna yi. Sunayen da nake yawan ji su ne Zanzibar, Maldives, Sao Tome da Cape Verde. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini wanda ya dace da ɗan koyo, da watan da ya kamata a je, da abin da zan fara shiryawa tun daga nan Accra.

Alhasan, Tema:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin mu shiga zancen tsibiri, bari mu tsaya a kan abin da ka ce game da iyo, domin a nan maganar take. Makarantun da ke bin tsarin ƙungiyar koyar da nutso ta PADI, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a duniya, ba za su ba ka takardar shaidar matakin farko ba sai ka yi iyon mita 200 (ko mita 300 da gilashin fuska da bututun numfashi da takalman iyo) ba tare da tsayawa ba, sannan ka zauna a saman ruwan da ya fi ƙarfin tsawonka har minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba gudu ake so ba, kuma ba a ƙayyade maka lokaci, amma dole ne ka kai. A tafki mai tsawon mita 50, irin wanda aka gina a Borteyman domin wasannin Afirka da aka yi a nan a watan Maris na 2024, zuwa da dawowa ne sau biyu.

Shi karatun kashi uku ne. Akwai na littafi, wanda yanzu ake iya yi ta intanet kana zaune a gida; akwai atisaye 5 a tafki ko a ruwa marar zurfi; sai nutso 4 a teku tare da malami. Yakan ɗauki kwana 3 zuwa 4, kuma idan ka gama an yarje maka ka sauka har mita 18 tare da abokin nutso. Akwai kuma na ɗanɗano na yini guda, inda malami zai riƙe ka ya kai ka zurfin da bai wuce mita 12 ba, amma ba a ba da takarda a kansa.

Shawarata ita ce ka nemi mai koyar da iyo a ɗaya daga cikin tafkunan garin nan ka yi ta zuwa har mita 200 ɗin ya daina ba ka haki, sannan ka sayi tikiti. Tekunmu na Gana ba wurin koyo ba ne, saboda igiyarsa mai ƙarfi ce, ruwan yana ja, kuma sau da yawa a gauraye yake da yashi har mutum ba ya gani da nisa.

Hajiya Rukayya, Mamobi:
Na yarda da Malam Alhasan a kan iyo. A kan tsibiri kuwa, ni da nake harkar tikitin jirgi ina ganin ba daidai ba ne a tsallake Sao Tome a nufi can nesa. Tana nan kudu maso gabas da mu a cikin Tekun Gini, kuma tafiyar jirgi daga Accra ba ta kai awa 2 ba. An daɗe jirgin kamfanin TAP na Fotugal da ke tasowa daga Lisbon yana sauka a nan kafin ya ƙarasa can. Ga mai ɗan gajeren hutu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin duk kwanan da ka kashe a filin jirgi ragi ne a kwanakin ruwa. Ƙasar ƙarama ce, mutanenta sun ɗan haura 200,000, ruwanta da ɗumi duk shekara, kuma baƙi ba su cika yawa ba, don haka malami zai samu sukunin kula da kai sosai. A kudancinta akwai ɗan tsibirin Rolas inda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa. Abin da zan faɗa maka tun yanzu shi ne harshensu Fotugis ne, tun da sai 1975 suka samu 'yanci daga Fotugal, kuma yana da kyau ka riƙe tsabar kuɗin Yuro a hannu.

Alhasan, Tema:
Hajiya, kusancin gaskiya ne, amma abin da kika kira alheri, wato ƙarancin baƙi, shi ne yake sa ni ɗari-ɗari game da ɗan koyo. Inda masu zuwa ba su da yawa, makarantun nutso ma ba su da yawa. Idan ya isa ya tarar injin cika tukwane ya lalace, ko malamin ya yi tafiya, ko kuma hankalinsa bai kwanta da kayan aikinsu ba, ina zai koma? Sannan bayanin da ake yi wa mutum kafin ya shiga ruwa magana ce ta rai, bai kamata ya ji rabi ya cike rabi da hasashe ba. Ƙari a kan haka, ƙasan tekun Sao Tome galibi duwatsun aman wuta ne, kuma idan aka yi ruwan sama mai yawa koguna sukan kwararo da laka su rage hasken ruwan. Wuri ne mai kyau ga wanda ya riga ya iya.

Ni Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya zan ce masa, babban tsibirin da suke kira Unguja. A arewacinsa, a Nungwi da Kendwa da Matemwe, makarantu suna nan jere, ana koyarwa da Turanci, kuma idan wannan ba ta yi maka ba sai ka taka zuwa ta gaba. Daga can ake fita da kwalekwale zuwa kewayen ɗan tsibirin Mnemba, inda murjani yake a zurfin da ɗan koyo zai iya kaiwa, ruwan kuma garau, ɗuminsa tsakanin digiri 25 zuwa 29. Ana ganin kunkurun teku, wani lokaci har da dolfin. Abu biyu kawai zai kiyaye. Kada ya bari a ja shi zuwa tsibirin Pemba a wannan karon, domin can gangaren ƙasan tekun a tsaye yake kuma ruwan yana gudu da ƙarfi. Kada kuma ya je tsakanin ƙarshen Maris zuwa Mayu, lokacin babbar daminarsu.

Mubarak, Madina:
Ina so in sa baki a kan Cape Verde, tun da babu wanda ya taɓo ta. Ƙasar tana cikin ECOWAS, saboda haka mai fasfon Gana ba ya buƙatar biza, kuma a watan Janairu na 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta rabu da zazzaɓin cizon sauro. A garin Santa Maria da ke tsibirin Sal akwai makarantun nutso masu tsari, akwai kuma tsofaffin jiragen ruwa da suka nutse a wurare marasa zurfi sosai, waɗanda kifaye suka mayar gida. Sai dai Yaya Sulaimana ya ce ruwan ɗumi yake so, to a nan dole in faɗi gaskiya: daga Disamba zuwa wajen Afrilu iska tana kaɗawa da ƙarfi, teku yana tashi, ruwan kuma yakan yi sanyi zuwa kusan digiri 22. Wanda bai saba da kwalekwale ba zai sha hajijiya da tashin zuciya. Idan can za a je, daga Agusta zuwa Oktoba ya fi.

Dakta Maimuna, Aboabo, Kumasi:
Kun yi nisa a kan tsibirai, ni kuwa zan dawo da ku asibiti. Kowace makarantar kirki za ta ba ka takardar tambayoyi game da lafiyarka, kuma ina roƙonka ka amsa ta tsakaninka da Allah. Asma, ciwon zuciya, hawan jinin da bai daidaita ba, ciwon suga, farfaɗiya, tsohon ciwon huhu ko aikin kunne, duk suna buƙatar sa hannun likita kafin a shiga ruwa. A wurinmu kuma akwai wanda ya fi waɗannan kusa da gida, wato sikila. Kimanin jariri 2 cikin kowane 100 da ake haifa a Gana yana zuwa da cutar, masu ɗauke da ƙwayarta ba tare da ciwo ba kuwa sun ninka haka nesa ba kusa ba. Mai cutar sikila, ko SS ko SC, bai kamata ya yi nutso ba. Mai AS kuwa ya zauna da likita su tattauna tukuna. Malamin da ke koyarwa a tsibiri mai yiwuwa ba zai tuna ya tambaye ka wannan ba, don haka kai ne za ka je Korle Bu ko wani asibitin da ka yarda da shi a duba maka jini idan ba ka san rukuninka ba.

Bari in yi bayanin dalilin dokokin, domin wanda ya san dalili ya fi kiyayewa. A duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kan jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da muke ciki a doron ƙasa. Ke nan a mita 10 na farko matsin ya ninka sau biyu, iskar da ke cikin kunne da hanci ta takure zuwa rabi. Shi ya sa ake toshe hanci a hura a hankali tun daga farkon sauka, ana maimaitawa kafin a ji zafi, kuma shi ya sa mai mura ba ya nutso, domin hanyar iskar a toshe take kuma dodon kunne yana iya fashewa. A wajen hawowa kuwa akasin haka ne: iskar da ka shaƙa a ƙasa tana kumbura, idan ka riƙe numfashi tana iya yaga huhu ko da daga zurfin 'yan mitoci ne. Wannan ce doka ta farko, ba a riƙe numfashi.

Abu na gaba shi ne naitirojin, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da ke cikin tukunyar. A ƙarƙashin matsi yana narkewa ya shiga jini da nama. Idan aka hawo a hankali yana fita ta numfashi, idan kuwa aka yi gaggawa sai ya zama kumfa a cikin jiki, kamar yadda kwalbar lemo take yi idan aka buɗe ta farat ɗaya. Kumfar tana kawo ciwon gaɓoɓi, ko mutuwar wani sashe na jiki, ko abin da ya fi haka. Wannan ya shafi tikitinka kai tsaye, domin matsin da ke cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba. Ƙa'idar da ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso, ta bayar ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso guda, awa 18 bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere, ni kuwa nakan ce wa mutane su cika awa 24.

Ga maiɗakinka kuma, idan akwai juna biyu ko ana tsammaninsa, ba a nutso da tukunya sam.

Baba Garba, Sabon Zango:
Sulaimana ɗana, na karanta abin da likita ta rubuta, kuma hankalina bai kwanta ba. Abin da zai iya yaga huhu ko ya shanye wa mutum jiki, alhali ba neman abinci ba ne kuma ba ceton rai ba, shin bai shiga jefa kai cikin halaka ba? Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mun sha jana'izar yaran zango da teku ya ci a ranakun hutu. Bayan wannan ina so a gaya mini yadda za a yi da salla a kan ruwa, da suturar iyalinka a irin waɗannan wurare da aka san ana shaye-shaye ana yawo ba tufafin kirki. A waɗannan shekarun kuma azumi yana kamawa ne a wajejen Fabrairu da Maris, sai ka lura da watan da za ka zaɓa.

Husaina, Fadama:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayarka a kan sutura tana kan hanya, kuma ni mace ce da na koyi nutso, don haka zan amsa daga abin da na gani. Rigar robar da ake sawa tana rufe jiki daga wuya har idon sawu da wuyan hannu, akwai kuma hular da ke rufe kai da wuya. Matsalarta ita ce tana kama jiki, shi ya sa nake ɗora doguwar riga mai faɗi a kai muddin ina cikin kwalekwale, kuma tun kafin in biya kuɗi nake rubuta wa makaranta in ce malama mace nake so. Makarantu da yawa suna da su.

Game da muhalli kuwa, Zanzibar da Maldives duk yankunan Musulmi ne. A Maldives, tun daga 2009 aka ba da damar buɗe masaukan baƙi a tsibiran da mutanen ƙasar suke zaune, irin su Maafushi. A waɗannan tsibiran ba a sayar da giya, abinci halal ne, masallaci yana kusa, kuma farashin bai kama ƙafar na manyan otal-otal masu tsibiri nasu na kansu ba. Ana ba da bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi. Duk da haka ba zan ce Yaya Sulaimana ya fara da can ba, saboda hanyar tana da nisa, sai an bi ta Dubai ko Doha, tikitin yana da tsada, kuma wuraren da suka fi shahara mashigai ne tsakanin tsibirai inda ruwa yake gudu sosai. Salla ba ta da wahala, domin yawanci da safe ake fita a dawo da rana, ga kuma sauƙin da aka yi wa matafiyi.

Alhasan, Tema:
Baba, ka yi gaskiya cewa ruwa ba abin wasa ba ne, kuma da kowa yana jin tsoronsa kamar yadda kake ji da ba mu rasa yaran nan ba. Amma ka duba yadda suke rasuwa: ba su iya iyo ba, ba su san inda ruwa yake ja ba, babu mai lura da su, babu abin da zai riƙe su a sama. Mai nutso da ya yi karatu yana sanye da falmaran da ake hura wa iska ta ɗaga shi, yana da bakin shaƙa na biyu domin abokinsa, yana da agogon da ke nuna masa zurfi da lokaci, kuma ba ya shiga shi kaɗai. Ana cika tukunya zuwa bar 200 (bar shi ne ma'aunin matsin iska), a juyo tun da sauran iska, a fito da aƙalla bar 50. A mita 5 ana tsayawa minti 3 kafin a ƙarasa sama. Haɗarin yana nan, ban ce babu ba, amma mafi yawansa yana zuwa ne daga karya waɗannan dokoki ko ɓoye ciwo. Hukuncin shari'a kuwa na malamai ne, sai Sulaimana ya kai musu wannan bayanin yadda yake.

A kan azumi ina bayanka ɗari bisa ɗari. Iskar tukunya busasshiya ce, jiki kuma yana zubar da ruwa da yawa a cikin teku, ƙarancin ruwa a jiki kuwa yana cikin abubuwan da ake dangantawa da ciwon kumfar nan. Ya bar watan azumi ga ibadarsa.

Sulaimana, wajen zaɓen makaranta kada ka bi mafi araha, araha ba ta ado. Ka rubuta musu ka tambayi ɗalibai nawa malami ɗaya yake ɗauka. Ƙa'ida ta yarda har 8, amma ka nemi inda ba su wuce 4 ba. Ka tambaya ko akwai tukunyar oksijin ta gaggawa a cikin kwalekwalen, da inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wanda ake jinyar ciwon kumfar nan a cikinsa, da ko farashin ya haɗa da kaya da takarda da kuɗin shiga wurin da aka killace. Wanda ya yi maka alkawarin gama komai a kwana 2 ka rabu da shi.

Hajiya Rukayya, Mamobi:
To, tun da ra'ayi ya karkata zuwa Zanzibar, bari in faɗi abin da ya shafi takardu, ko da yake har yanzu ina ganin kuɗin tikitin zai yi masa nauyi fiye da yadda kuke zato. Babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, sai dai ta Addis Ababa da jirgin Habasha ko ta Nairobi da na Kenya, don haka ya cire kwana ɗaya a zuwa, ɗaya a dawowa. Katin rigakafin cutar shawara dole ne ga mai tasowa daga Gana. Fasfo ya kasance da sauran wata 6 aƙalla. Tun daga 1 ga Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44 ga kowane mutum, kuma bai kamata ya dogara da ita kaɗai ba, ya nemi wadda ta ambaci nutso ƙarara. Ya jera kwanakinsa ta yadda karatu zai zo a farko, a bar kwana ɗaya ko biyu a tsakiya saboda iska ko mura, ranar ƙarshe kuma su yi ta a tsohon garin Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000, inda awa 24 ɗin da likita ta ce za su cika.

Sulaimana, Nima:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na ji maganarka, kuma zan kai wa limaminmu bayanin kafin in biya ko kwabo. Sauran tambayoyina ƙanana ne. Hutuna yana iya kamawa a Janairu ko a Satumba, wanne ya fi? Akwai kayan da ya kamata in saya, ko haya ta wadatar? Ina sa tabarau saboda ba na gani da nisa, kuma ina da gemu da gashin baki. Maiɗakina ba ta iya iyo ba, amma ba ta so ta zauna a masauki ni ina teku.

Alhasan, Tema:
Duka watannin biyu ba na damina ba ne a can. Janairu ya fi zafi, ruwan ya fi ɗumi, amma iskar arewa maso gabas takan tayar da igiya a gaɓar arewa. Satumba ya fi sanyi-sanyi, kuma idan shi ne ya fi ba ka lokacin koyon iyo, shi za ka ɗauka. Kaya duka a haya suke, abu ɗaya kawai nake so ya zama naka, wato gilashin fuska. Ka ɗora shi a fuska ba tare da ka ɗaura igiyarsa ba, ka ja numfashi kaɗan ta hanci. Idan ya manne bai faɗi ba, ya dace da kai. Ana samun mai gilashin da aka yi daidai da ƙarfin idon mutum, sai ka tafi da takardar awon idonka wajen saye. Gemu ba ya hana komai. Gashin baki ne yake sa ruwa ya riƙa shiga ta ƙarƙashin hanci, maganinsa kuma ka rage shi daga sama ko ka shafa man silikon, ban da basilin, domin yana lalata robar.

Husaina, Fadama:
Game da Anti kuwa, ku tafi tafkin tare tun yanzu, akwai mata masu koyar da iyo a Accra. Ko da ba ta kai mita 200 ba kafin tafiyar, za ta iya shiga kwalekwale ɗaya da kai ta sa rigar ceto da gilashi da ɗan bututun numfashi, ta kwanta a saman ruwa tare da jagora. A Mnemba akwai wuraren da murjanin yake kusa da sama ƙwarai, ana ganinsa sarai daga nan. Ku gaya wa makarantar tun a saƙon farko cewa ita ba ta ƙware ba, domin su ware mata mai kula da ita a cikin ruwan, kuma ku tambayi likita maganin hajijiyar kwalekwale wanda ba ya sa barci.